Saƙon Tallafin Taki

Ranar Talata da hantsi Ya Amsa ta zo gidana ta ce a dakata da maganar auren.

Ko mayafinta ba ta sauke ba. Hure, matata, ta shimfiɗa mata tabarma a gindin darbejiya, ta kawo ruwa da fura, ba ta taɓa ko ɗaya ba. Ya Amsa ƙanwa ce ga Alhaji Kallamu na Ɗanbatta, mahaifin Abdussalam, yaron da aka ba 'yata Asiya. Ita ta jagoranci matan da suka kawo kayan sa rana, ranar har guɗa ta rangaɗa a tsakar gidan nan. Yau kuwa da tabarma take magana.

Ta ce Alhaji yana gaishe ni. Ya ce bai ce ya fasa ba, amma ba zai ɗauko wa ɗansa abin da bai san kansa ba. In na ga dama in same shi ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, in amsa masa tambaya ɗaya: 'yata ɓarauniya ce, ko kuwa me ke damunta?

Na ce na ji. Hure ta juya baya tana share ido da bakin zani. Can ƙarƙashin labulen ɗaki ina hango ƙafafun Asiya, a tsaye, ba sa motsi.

Asiya a Kano take aiki, a wani kamfani da ke riƙe wa manoma da ƙananan 'yan kasuwa kuɗinsu a waya. Lokacin da aka ɗauke ta na tambaye ta mene ne aikin, ta yi dariya ta ce gadi ne. Ta ce ɓarayin yanzu ba sa haura katanga, daga wata ƙasa ma suna iya shigowa ta kwamfuta, ita da abokan aikinta su ne ke zaune suna kallon ƙofofin. Na ce to, Allah ya tsare mai tsarewa. A Bacirawa take kwana, wurin ƙanwata. Ita ce ta canja mana rufin ɗaki zuwa kwano, ita ce ke riƙe da makarantar ƙannenta a shekarun nan da man fetur da masara suka gagari kowa.

Da bazara ta dawo gida da jaka ɗaya, ta ce hutu aka ba ta. Hutun ya ƙi ƙarewa.

Yarinyar da ta dawo mana ba ita ce ta tafi ba. Ta liƙe idon wayarta da salatif, ta liƙe na wayar uwarta. In waya ta yi ƙara sai ta zuba mata ido har ta gaji ta yi shiru. In maƙwabcinmu ya tayar da injin niƙa sai ta zabura kamar an watsa mata ruwan zafi. Takan rufe ƙofar akurki, ta yi 'yan taku, ta koma ta taɓa sakata, ta sake tafiya, ta sake komawa. Wani lokacin ina ganin leɓɓanta suna motsi, kamar mai amsa wa wani da ke tsaye a bayanta. Da safe tana haɗiyar wani ƙaramin farin magani, ta ce wa Hure na gyambon ciki ne.

Na ga duk wannan, na kawar da kai. Na ce gajiya ce, aure zai warware ta.

Da damina ta faɗi, taki ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba. Dawa ta tsiro rawaya, mutane suna kallonta ba abin yi. Cikin wannan hali wani saƙo ya shigo wayoyin danginmu da na dangin Abdussalam: ana raba taki a rabin kuɗi, mai so ya danna nan, ya sa sunansa da lambar asusunsa da lambar sirri. Ni bai same ni ba, don wayata ƙarama ce, kira kawai ta sani. Alhaji Kallamu kuwa ya danna, ya cike komai.

Ranar kasuwar Ɗanbatta yana zaune a rumfarsa ta kanwa da wake, manyan abokansa sun kewaye shi, sai wayarsa ta yi ƙara. Kunnensa ya yi nauyi, kullum a lasifika yake amsa kira. Muryar Asiya ta fito kowa yana ji. Ta gaishe shi da ladabi. Sannan ta karanto masa lambar asusunsa, ta karanto lambar sirrinsa ɗaya bayan ɗaya, ta ce ita ce ta tura saƙon, babu wani taki. Ta ce da wani ne ya tura, da yanzu ba shi da komai, don Allah ya tashi yanzu yanzu ya je ya canja lambar. Waɗanda ke wurin sun ce muryarta rawa take.

Sai wani ya tuntsire da dariya.

Ko sisi ba ta taɓa ba. Amma kafin la'asar kasuwa ta ɗauka cewa surukar Alhaji Kallamu 'yar damfara ce, tun ba a kai ta ba ta buɗe masa rumbu. Yarinyar da ko sunansa bai kamata ta kama ba, wadda in ta hango shi a hanya ya kamata ta ratse, ita ce ta ɗana masa tarko, ta kama shi a gaban sa'o'insa.

* * *

Bayan azahar ɗin ranar da Ya Amsa ta zo, Yaya Sani ya same ni a zaure. Shi ne babba a gidanmu, shi ne waliyyin Asiya. Bai tsaya dogon gaisuwa ba.

Ya ce maganar ba ta da wuya, ni ne mai son wahalar da kaina. A ce wa Alhaji kutse aka yi wa wayar yarinya, muryar ma kwaikwayonta aka yi, ai yanzu ana yi. Alhaji zai karɓa, don shi ma mafita yake nema. Na so in tambaye shi ko nasa takin ya iso, don matarsa ta gaya wa Hure shi ma ya cike saƙon har da na ɗansa. Amma yayana ne, na haɗiye.

Ya ce in kuma Alhaji ya ƙi, ba mu rasa ba, ga Sabo.

Sabo ɗan aminin Yaya ne, dillalin hatsi a Dawanau. A shekarun nan da kowa ya rame, shi ya yi wuya ya yi mota. Ya nemi Asiya tun kafin Abdussalam, ta ce ba ta so, ni ma ban matsa ba.

"Yaron nan ya rufa mana asiri, Basiru," in ji Yaya. Ya rage murya. "Shagonsa a kan hanyar asibitin ƙwaƙwalwa yake. Ya ga 'yarka tana shiga ita da ƙanwarmu, ba sau ɗaya ba. Bai gaya wa kowa ba sai ni."

Na kama ginshiƙin zaure.

Yaya ya ci gaba. Ya ce Sabo ya ce yana sonta a haka. Ta bar aikin nan na kallon kwamfuta da ya jawo mata iska, ta zubar da ƙwayoyin asibiti, yana da malamin da zai yi mata ruƙiyya ta warke. Ya ce wa zai samu irin wannan tayin ya tsaya? Ya ce in tuna ina da wasu 'ya'ya mata a bayanta, in kalmar nan ta fita ba wanda zai sake taka ƙofata.

Bayan ya tafi na daɗe a zaune. Abin da ya fi tsaya min shi ne shirun Sabo. Na san 'yan kasuwa, ba sa ajiye kaya a shago sai suna jiran ya yi daraja.

* * *

Kashegari ina maimai, noma na biyu, a gonar bayan gari, Asiya ta kawo min fura. Tun da ta dawo ita ke kawowa, kuma ba ta zuwa da waya. Muka zauna a inuwar ɗorawa. Na sha kaɗan na ajiye.

"Tun yaushe kike zuwa Dawanau?"

Ba ta firgita ba. Ta ɗauki wani tsinke tana zane a ƙasa.

"Sabo ne ya faɗa ko, Baba? Na gan shi ranar. Har hannu ya ɗaga min."

Na ce ba wanda ya faɗa nake tambaya ba. Na ce ni ubanta ne, a bakin dillalin gero zan ji ciwon 'yata?

Nan ta fara kuka, irin kukan da ba shi da sauti. Na bar ta. Da ta samu numfashi ta ba ni labari, ni kuma na saurara, ko da yake ba duka na gane ba.

Ta ce a wurin aikinsu kwamfuta tana kuka kamar zabi, duk abin da ya gifta sai ta yi ƙara. A zama ɗaya takan yi kukan da ba ya ƙirguwa, kuma kusan duka ba komai ba ne. Aikinta ta duba kowanne ta ce wannan ɓarawo ne, wannan iska ce. Wata rana dab da tashinta, idonta ya gaji, ta dubi wani kukan ta ce iska ce, ta rufe. Ashe shi ne. Ɓarayi suka kwashi sunayen mutane da lambobin wayarsu, suka bi su ɗaya ɗaya suna kira da sunan kamfani, suna yashe su.

Manyanta sun yi bincike, sun ce ƙofar dama a ruɓe take, ba wanda ya ɗora mata laifi. Amma don a gano yadda ɓarayin ke magana, aka sa ta ta saurari muryoyin waɗanda suka kira suna kuka, don kamfanin yana naɗar kowane kira.

"Akwai wani tsoho, Baba. Sansa na noma ya sayar ya zuba kuɗin. Yarinyar da ke amsa waya ta ce masa babu komai a asusunsa. Bai yi faɗa ba. Da zaginta ya yi, da tuni na manta shi. Cewa ya yi, ki ƙara dubawa, 'yata, wataƙila sun maƙale a wani wuri. Ta duba ta ce babu. Ya ce, ki ƙara dubawa, Allah ya yi miki albarka."

Ta share fuska da gefen hijabi.

"Ban san sunan garinsu ba, ban taɓa ganinsa ba. Amma yana nan tare da ni. In na rufe ƙofa sai ya ce in ƙara dubawa. In na idar da alwala sai ya ce in ƙara dubawa. Ba aljani ba ne, Baba, na san ba ya nan. Sanin bai hana ni jinsa ba."

Iska ta kaɗa ganyen dawa. Ban san lokacin da na waiga bayana ba.

Ta ce wata abokiyar aikinta ce ta lura, ta kai ta wurin likita. Likitan ya ce ciwon damuwa ne da fargaba, yana kama masu irin aikinsu kamar yadda yake kama sojoji da masu jinya, kuma ana warkewa. Ya ba ta magani, ya haɗa ta da wata mata da suke zama suna magana. Ya ce ta riƙa ajiye waya, ta fita ta ga rana, ta sa hannunta a aiki. In tsohon ya ce ta duba, ta duba sau ɗaya, sauran ta bar shi ya yi ta faɗa. Ta ce sauƙi ya fara samuwa, har ta fara tunanin komawa bakin aiki bayan biki.

Sai wata rana Abdussalam ya faɗa mata cikin wasa cewa mahaifinsa duk abin da ya shigo wayarsa sai ya danna. Daga ranar abinci ya gagare ta. Muryar tsohon ta koma muryar Alhaji.

"A wurin aiki haka muke yi wa ma'aikata. Mu tura musu saƙon ƙarya, wanda ya faɗa a kira shi a koya masa, ba mai jin haushi. Da na ga ya cike, sai na ga kamar a minti ɗin nan za a kwashe shi. Na manta shi ba ma'aikaci ba ne. Na manta ko ni wace ce a wurinsa."

Na tambaye ta ko Abdussalam ya san da ciwon. Ta ce ya sani tun kafin a kawo kayan sa rana. Ita ta gaya masa, ta ce ya janye tun da wuri ba za ta riƙe shi ba. Ya ce shi ba riga ya zo saye ba da zai mayar don ya ga zare ya fita. Ta sa shi ya rantse ba zai gaya wa kowa ba. Shi ya sa duk faɗan da mahaifinsa ke yi masa, kansa a ƙasa, bai ce uffan ba.

Sai na kawo mata maganar Yaya. Na kawo ta a hankali, na yi mata ado, don ni kaina ina so ta yarda. Na ce kalma ɗaya ce, a ce kutse aka yi, kowa ya huta, a sha biki.

Ta ajiye tsinken da ke hannunta.

"Baba, in aka ɗaura shi a kan wannan, a gidansu zan zauna. Kullum in haɗiyi magani a ɓoye. Kullum in ji an yi sallama in ce yau ce ranar. Sabo ya sani, gobe wani zai sani. Ƙofa ɗaya na bari a buɗe ta mayar da ni haka. Don Allah kada ku kai ni gidan miji da wata."

"In na faɗi gaskiya, Asiya, auren zai iya mutuwa."

"Na sani."

"Kuma kin yarda?"

Ta rufe fuskarta da hijabi gaba ɗaya, kafaɗunta suna girgiza. Daga ciki muryarta ta fito.

"Ban yarda ba, Baba. Duk duniya shi kaɗai ne in ya kira ba na jin tsoron wayar. Amma na ɗauke masa rantsuwar, kai ma na ba ka izini. In za ka faɗa, ka faɗi abin da yake."

Ta ɗauki ƙwarya ta tafi. Ina kallonta har ta kai bakin gona. Ta tsaya, ta juyo ta dubi inda muka zauna kamar ta bar wani abu. Na ga ta dunƙule hannu, ta juya, ta wuce ba ta dawo ba.

* * *

Ranar Juma'a na shiga motar Ɗanbatta da magana biyu a bakina, ban san wadda za ta fito ba. Direban ɗan garinmu ne. Yana karɓar kuɗin mota ya ce, "Malam Basiru, a ce wa Hajiya Asiya ta sa sunana a layin taki, ko rabin buhu ne." Motar ta kwashe da dariya. Ni ma na buɗe haƙora.

Alhaji Kallamu ya karɓe ni a soronsa. Dogon mutum ne, da zanen Barebari a kumatu, iyayensa daga Borno suka zo amma shi a nan aka haife shi. Ya sallami waɗanda suka biyo shi daga masallaci. Abdussalam kaɗai ya rage, yana durƙushe a bakin ƙofa. Malamin makaranta ne, yaro mai fara'a, amma ranar wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Muka gaisa, muka tambayi damina, muka yi kukan taki ba tare da mun kalli juna ba. Sannan Alhaji ya gyara zama.

Ya ce Yaya Sani ya riga ya aiko masa cewa kutse aka yi wa wayar yarinyar. Ya ce shi maganar ta kwanta masa. Ya ce yana son yarinyar nan, tun ranar da ya ji ɗansa ya ambace ta ya yi murna, kuma shi ba ya son a ce ya karya alkawari da tsufansa.

"Amma kai ne ubanta, Malam Basiru. Ka faɗa min da bakinka haka ne. Ranar kasuwa in faɗa a rumfa, a rufe maganar, mu bar ranarmu inda take."

Yana kallona, kuma na gane kallon. Ya san muryar da ya ji. Roƙona yake in taimake shi mu yi ƙaryar tare.

Na tuna ƙannenta mata. Na tuna Hure da ta kwana biyu ba ta ɗora tukunya da daɗin rai ba. Kalmar tana kan harshena, ƙarama, mai sauƙi.

"Ba kutse ba ne, Alhaji. Ita ce."

Ya lumshe ido.

"Kuma ba ɓarauniya ba ce. 'Yata ba ta da lafiya. Tana ganin likitan ƙwaƙwalwa, tana shan magani."

Daga nan na ba shi labarin duka, yadda ta ba ni. Na gaya masa kukan kwamfuta, da ƙofar da ta rufe ido a kanta, da tsohon da ya sayar da sansa. Na gaya masa abin da likita ya ce. Na ce abin da ta yi masa kuskure ne babba, kuma na zo in ba shi haƙuri a kansa, amma tsoron kada a cuce shi ne ya sa ta. Ina magana muryata tana karyewa, ban ji kunya ba.

Da na gama, Alhaji ya juya ga ɗansa.

"Ka sani?"

"Na sani, Baba."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin a kai kaya."

Alhaji ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce wato kowa ya san abin da ke cikin tuwon sai mai ci. Ya ce ya zauna a rumfa an yi masa dariya, ya dawo gida yana tambayar ɗansa, ɗansa yana kallon ƙasa.

Abdussalam ya matso da gwiwa, hawaye na zuba a gemunsa. Ya ce amana ce aka ba shi. Ya ce ciwo ne kamar hawan jinin da Baba ke shan magani a kansa kullum, ba wanda ya ce Baba ya daina zama mutum. Ya ce ta fara samun sauƙi, ya gani da idonsa. Ya ce in an raba su yanzu, shi bai san abin da zai same ta ba, bai kuma san abin da zai same shi ba.

Alhaji bai ɗaga murya ba. Da ya ɗaga da ya fi min sauƙi.

Ya ce yana yaro an kai shi ganin dangi a can gabas, ya ga wata gwaggonsa a ɗaure a bayan gida, har yau yana jin ƙarar sarƙar. Ya ce wataƙila zamani ya canja, wataƙila likitoci sun san abin da shi bai sani ba. Amma jikokinsa ne za su fito daga wannan ɗaki, kuma shi zuciyarsa ba za ta ɗauka ba.

"Malam Basiru, ka mutunta ni fiye da ɗan da na haifa. Na ba ka ƙofa ka ƙi bi, ba zan manta maka ba. Ranar kasuwa da bakina zan ce 'yarka ba ɓarauniya ba ce, sauran kuma ba mai ji daga wurina. Amma ba zan tsaya a auren nan ba. Ba ni, ba ƙannena, ba kowa daga gidan nan."

Na yi masa godiya. Ban san a kan me ba. Na tashi na fita.

* * *

Ban kai tasha ba na ji ƙarar babur a bayana. Abdussalam ne. Ya ce in hau ya kai ni gida. Na ce ya koma, kada ya ƙara wa mahaifinsa ɓacin rai, ga mai da tsada. Ya ce ya gaya masa inda za shi, bai hana shi ba, bai kuma amsa ba.

Muka bar kwalta muka shiga burtali, gonaki hagu da dama. A wata mararraba ya tsaya ya kashe babur. Ya sauka ya durƙusa a kan yashi.

"Baba, in na rasa wanda zai tsaya min daga gidanmu, za ka ba ni ita?"

Na dube shi. Yaro ne, bai san abin da yake tambaya ba. Bai ga ranar da take kasa fitowa daga ɗaki ba. Bai san zafin zama a gari ɗaya da uban da ya juya maka baya ba. Na gaya masa haka. Na ce ba zan raba ɗa da mahaifinsa ba, dole ya ci gaba da durƙusa wa Alhaji har Allah ya sauko da shi, ko shekara nawa za a yi. Ya ce zai yi.

"Ranar Alhamis za ta koma wurin likita," na ce. "Wannan karon ni zan kai ta. In ta yarda, ka zo mu shiga tare, ka tambayi duk abin da kake tsoron tambaya, ka ji da kunnenka. In ka fito kana nan a kan bakanka, ni ne ubanta. Ba zan ba wani ita ba kana jira."

Ya kifa goshinsa a bayan hannuna. Na ce ya tashi, mutane na wucewa.

Rana ta karkata lokacin da muka shigo gari. Tun daga bakin rijiya na hango farar mota a gindin darbejiyar ƙofar gidana. An shimfiɗa tabarmi a waje. Yaya Sani yana zaune a tsakiya da babbar riga, dattawa baƙi a gefensa, ga ƙwaryar goron neman aure an rufe da farin ƙyalle. Sabo yana jingine da motarsa yana danna waya. Ashe Yaya bai jira ya ji yadda muka yi da Alhaji ba.

Abdussalam ya rage gudu. Na ji bayansa ya sandare.

"Baba, in sauke ka a nan in juya?"

Duk suka ɗago suna kallonmu. Yaya ya ga wanda ya ɗauko ni, fuskarsa ta canja. Tun da aka haife ni ban taɓa musa masa magana a gaban mutane ba.

"Kai mu har bakin tabarma," na ce. "Ka kashe babur, ka cire takalminka, ka zauna a kusa da ni."